Yadda ake haɗa guzurin yini don rage ƙiba ba tare da zama da yunwa ba

Wanda yake fita tun bakwai na safe ba ya dawowa sai magariba, ko ma'aikacin ofis ne, ko malamar makaranta, ko mai shago a kasuwa, cikinsa yana hannun masu talla. Abin da ya gifta ta gabansa lokacin da yunwa ta taso shi zai ci: fanke, awara mai ɗigar mai, biskit, ya kora da lemon kwalba. Idan kuma ya daure ya ƙi cin komai don ya rage teɓa, da ya shigo gida zai far wa tuwo, malmala biyu ko uku, ya kwanta a kai. Duka biyun tumbi suke ƙarawa.

Hanyar da na daɗe ina bi, nake kuma haɗa wa mutanen gidanmu, ita ce a auna abincin yini tun daga gida, a raba shi kashi-kashi, a sa a jaka, a riƙa ci kaɗan-kaɗan duk bayan kamar awa 3. Amma a fahimci abu ɗaya tun farko. Yawan ci a kai a kai ba ya ƙona kitse da kansa, duk da ana yawan faɗin haka. Jiki yana raguwa ne idan abin da ya shiga a yini bai kai abin da ya ƙone ba. Amfanin guzurin shi ne ya hana yunwa kai ka inda za ka ci abin da ba ka shirya ba. Saboda haka doka ɗaya ce ke riƙe da tsarin gaba ɗaya: daga fitarka zuwa dawowarka, abin da ke cikin jaka shi ne abincinka. Wanda ya ɗora ciye-ciye a kan manyan abinci uku da ya saba ci, ƙiba zai ƙara.

Kayan aiki

Robobi ƙanana masu murfi guda 3 ko 4, waɗanda murfinsu yake kamawa gam. In babu, kwalbar bama ko robar bota da aka wanke tas za ta yi.
Ƙaramar kula mai riƙe zafi, don abincin rana.
Gorar ruwa mai cin lita 1 ko 1.5.
Cokalin cin abinci da ƙaramin cokalin shayi, don awon mai da sukari.
Ƙaramar wuƙa, a naɗe a tsumma mai tsabta.
Jakar da za ta ɗauke su duka a tsaye.
Tef ɗin awo irin na tela, da sikeli idan da hali.

Kada a zuba abinci mai zafi a baƙar leda ko a roba mai laushi. Mai zafi na kula ne.

Kayan abinci

Iri uku ake so su haɗu a jaka kullum. Na farko masu riƙe ciki, wato masu gina jiki: ƙwai, wake, alale, kifi, kindirmo marar sukari, gyaɗa, ƙuli-ƙuli. Na biyu masu cika ciki ba tare da nauyi ba: kokwamba, karas, yalo, gauta, kabeji, latas, tumatir, zogale, rama. Na uku 'ya'yan itace na lokacin da ake ciki: goba, lemo, gwanda, kankana, mangwaro. Ba sai an sayi tuffa mai tsada ba, goba tana yin aikinta har ta fi ta riƙe ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla gram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma da irin wannan jakar ana kaiwa ba da wahala ba.

Mataki na 1: Ka san inda ka tsaya

Kafin ka canza komai, auna nauyinka da safe kafin ka karya, ka rubuta. In ba sikeli a gida, akwai a kemis da asibitin unguwa. Sannan ka zagaya tef a cikinka, daidai saman cibiya kaɗan, ba tare da ka tsuke ciki ba. Awo mai sauƙin riƙewa shi ne kada zagayen cikin ya kai rabin tsayinka: mai tsayin santimita 170, cikinsa ya zauna ƙasa da 85.

Mai ciwon sukari, musamman mai yin allurar insulin ko shan maganin da ke saukar da sukari, da mace mai ciki ko mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda, su fara ganin likita kafin su rage abinci. Yara masu tasowa kuwa ba a sa su a wannan tsarin da ka.

Mataki na 2: Yi cefanen mako a dunƙule

Ka ware rana ɗaya, ranar da ba ka aiki ko ranar kasuwa, ka sayo abin da ke jure ajiya: ƙwai, wake, gyaɗa, karas, kabeji, lemo, busasshen zogale. Masu saurin lalacewa irin su kokwamba, latas da gwanda a saye su na kwana biyu-biyu. Wajen sayen gyaɗa ka buɗe ido sosai. Wadda ta yi fumfuna, ko ta yamushe, ko take ɗaci a baki, a zubar da ita, domin irin wannan fumfunar tana fitar da guba mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Mataki na 3: Koyi awo da hannu da cokali

A nan ne aikin yake, kuma a nan mafi yawan mutane suke zamewa, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Ana ƙirga ƙarfin da abinci ke ba jiki da kalori. Matsakaiciyar mace tana bukatar wajen 2,000 a rana, namiji wajen 2,500, gwargwadon jiki da aiki. Wanda ya rage kamar 500 a kullum yakan sauke kusan rabin kilo a mako. Ba sai ka zauna kana lissafin kowace loma ba. Ka riƙe waɗannan kaɗan a kanka, sun isa:

Dafaffen ƙwai ɗaya, wajen kalori 75.
Gyaɗa soyayya cikin tafin hannu ɗaya, kamar gram 30, wajen 170.
Man gyaɗa ko manja cokalin cin abinci ɗaya, wajen 120.
Ayaba matsakaiciya ɗaya, wajen 100. Lemo ɗaya, wajen 60.
Kokwamba gram 100, wajen 15. Kankana gram 100, wajen 30.
Lemon kwalba na santilita 50, sama da 200.

Dubi gyaɗa da kokwamba. Gyaɗa abinci ce mai kyau, tana riƙe ciki, amma gram 100 nata ya haura kalori 550. Mutum yana hira a bakin shago, ƙullin gyaɗa na farko ya ƙare, ya kira yarinya ta kawo na biyu da na uku, ya cinye abin da ya fi kwanon shinkafa bai ma ji ya ci abinci ba. Shi ya sa ba a ɗaukar ta a leda babba. A debi tafin hannu ɗaya a zuba a ƙaramar roba, sauran ta kwana a gida. Haka aya, haka ƙuli-ƙuli, haka dabino: guda 3 na dabino sun isa. Idan lokacin ɗanyar gyaɗa ne, dafaffiya mai ɓawo ta fi, don ɓarewa tana rage saurin ci.

Mai kuwa da cokali ake zuba shi, kada a karkata gora a kan abinci. Ɗanwake shi kansa ba shi da laifi, man da yake iyo a ciki ne matsalar. Cokali ɗaya a kwano, a cika da kabeji, tumatir, albasa da yaji, a yanka ƙwai a kai.

Ga tuwo, shinkafa, dankali, doya ko taliya, awonka shi ne dunƙulen hannunka ɗaya. Nama ko kifi, faɗin tafin hannunka. Ganye kuwa ka cika hannu biyu, ba a yi masa iyaka.

Mataki na 4: Shirya tun da dare, ƙarasa da asuba

Wanda ya bar komai sai safe zai makara, ya fita hannu rabbana. Bayan isha'i ka wanke karas, kokwamba, yalo da 'ya'yan itace da ruwa mai tsabta, kana murzawa da hannu, ka bar su su tsane. Ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi ganye-ganye, a sake ruwa sau biyu ko uku, domin ba kowane lambu ake yi wa ban ruwa da ruwa mai kyau ba. Abin da ke feruwa a fere shi lokacin ci. Ka auna gyaɗa ka rufe, ka jiƙa wake, ka daka ƙulin kwaɗo. Idan akwai firji da wuta, ka sa gorar ruwa ta daskare.

Da asuba a dafa ƙwai minti 10 bayan ruwa ya tafasa, a bar shi da ɓawonsa. A dafa waken ko a turara alalen. Kafin a zuba abinci a kula, a cika ta da tafasasshen ruwa a rufe na 'yan mintoci, a zubar, sannan a zuba abincin yana tururi a rufe nan take. Wannan ɗan aikin shi ke sa abinci ya kai azahar da zafinsa.

Kwaɗon zogale yana cikin abin da na fi yawan ɗauka, kuma ga yadda yake kaiwa rana bai yi ruwa ba. A dafa zogalen, a matse shi sosai har ya daina ɗiga, a sa a roba shi kaɗai. Dakakken ƙuli cokali 2 da yaji da ɗan gishiri su zauna a wata 'yar roba daban. Tumatir da albasa a tafi da su ɗungurungum, sai an zo ci a yanka, a haɗa, a yayyafa ruwa kaɗan a cakuɗa. Ƙulin yana da maiƙonsa, ba sai an ƙara mai ba.

Mataki na 5: Raba yinin

Ba sai ka riƙa kallon agogo ba, lokutan salla sun riga sun raba maka yinin. Ga yadda nake tsara shi.

Kafin fita: kofi ɗaya na koko ko kunu, sukari bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ba, da dafaffen ƙwai 2. Ko shayi da alale ɗaya. Kada ka fita da ciki wayam.

Da hantsi, wajen ƙarfe 10: goba ko lemo ɗaya, da gyaɗar da ka auno.

Bayan azahar: abin da ke cikin kula. Dafaffen wake da alayyafo, ko faten wake da ɗan dankali, ko kwaɗon zogale da dafaffen dankalin Hausa guda ɗaya matsakaici, ko ɗanwake mai yawan ganye. Wannan ne babba a cikin jakar.

Bayan la'asar: kokwamba ɗaya, karas ko yalo 2, da kindirmo kofi ɗaya in ya samu sanyi. Wannan ci na la'asar kada a tsallake shi ko da ba a jin yunwa sosai, domin shi ke tare yunwar magariba.

Bayan magariba, a gida: tuwo dunƙulen hannu ɗaya, miya mai yawa, kuka ko kuɓewa ko taushe, da kifi ko nama marar kitse. Ka ci abin da aka dafa wa kowa, ba sai an ɗora maka tukunya daban ba. Ka zuba naka a ƙaramin kwano ka tashi daga gaban babban. In ka gama kana jin kamar ka ƙara, sha ruwa ka jira kamar minti 20, sau da yawa ƙoshin yana isowa daga baya.

Duka wannan yakan kama tsakanin kalori 1,600 da 1,800, gwargwadon man da aka zuba. Namiji mai jiki, ko mai aikin ƙarfi, ya ƙara ƙwai ɗaya da ludayin wake. Idan za ka ci, ka zauna, ka ajiye waya, ka buɗe roba ɗaya, ka cinye, ka rufe jaka. Kada ka bar roba a buɗe a kan tebur kana tsakura daga safe har yamma. Bayan kowane ci a kurkure baki ko a yi asuwaki, don haƙora suna shan wahala idan abinci bai daina ratsa su ba.

Mataki na 6: Kula da abin sha

Mutane da yawa suna gyara abinci tsaf su bar ƙofa a buɗe ta wajen abin sha. Lemon kwalba na santilita 50 yana ɗauke da sukari sama da gram 50, wato ƙananan cokula kusan 13. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kamar gram 50 a yini gaba ɗaya, in ma an tsaya a 25 ya fi. Kwalba ɗaya ta cinye rabon ranar. Maltina da 'yan uwanta, yogot na roba mai zaƙi, zoɓo da kunun aya na sayarwa, shayin mai shayi mai madarar gwangwani da sukari, fura da aka dama da sukari cokali uku, duk layinsu ɗaya.

Ruwa shi ne abin shan yini. Ka shanye gorarka kafin azahar, ka sake cikawa. In bakinka yana neman ɗanɗano, matsa lemon tsami a ciki, ko ka dafa zoɓo a gida da citta da kanumfari da ɓawon abarba ba tare da sukari ba. Kwanakin farko zai yi maka salam, daga baya harshe yana sabawa. Fura da nono kuwa cikakken abinci ce. Ranar da ka sha ta, ta zama abincin ranarka, kula ta huta.

Mataki na 7: Kare abincin daga zafi

A watannin Maris zuwa Mayu, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Maraɗi zuwa Damagaram, zafi yana haura digiri 40, kuma alale ko wake da aka bari a roba yana iya yin yami kafin azahar. Ƙa'idar masana lafiya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi. Don haka mai zafi ya zauna a kula a rufe, mai sanyi ya jingina da daskararriyar gora, jaka kuma ta zauna a inuwa. Kada a bar ta a cikin mota ko a ƙarƙashin kujerar babur. A fara cin mai saurin lalacewa, busasshe ya jira yamma. Abin da ya canza wari ko ya yi yauƙi a zubar, kada a ji asara.

In ba firji, ko wuta ba ta zama, ka bar kindirmo da yankakkiyar kankana sai a gida. Ka dogara da abin da ke da rigarsa: lemo, goba, ayaba, yalo, kokwamba ba a yanka ba, gyaɗa, aya, da ƙwan da aka dafa da safe a ci da hantsi. Goruba ma tana da amfani ga mai son ya ji bakinsa yana motsi, ana daɗewa ana gwaguya ba a ci wani abin kirki ba. In ba kula, ka mayar da babban abincin ya zama na safe kafin fita, da rana ka ci busassu da 'ya'yan itace.

Mataki na 8: Ranar da aka ce maka bismilla

Ba za ka rayu kai kaɗai da jakarka ba. Abokin aiki zai sayo tsire, maƙwabciyar shago za ta miƙo ƙosai, ga suna ga ɗaurin aure. Ƙin karɓa kullum yana ɓata zumunci, kuma ba dole ba ne. Wani lokaci "Alhamdu lillahi, yanzu na ci" ta wadatar. Wani lokaci ka ɗauki ɗaya ko biyu ka yi godiya, sannan ka bar gyaɗar ranar a jaka ta koma gida. Ranar biki ka ci kokwamba da ƙwai kafin ka fita, a can ka zuba sau ɗaya, ka nemi ruwa maimakon lemon kwalba.

In ka manta jakar a gida, ba a rasa abin kirki a titi: dafaffen ƙwai, yalo, lemo, dafaffiyar masara ko gasasshiya guda ɗaya, rogo da ƙuli kaɗan, balangu marar kitse da albasa da kabeji. Kilishi yana riƙe ciki amma gishirinsa da yawa, mai hawan jini ya yi hattara, domin gishirin yini duka bai kamata ya kai gram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen magi.

Idan azumi ya zo, ba maganar guzurin rana, amma awon yana nan. A buɗe baki da dabino 3 da ruwa, a yi salla, a ci abinci daidai, a ɗan taɓa 'ya'yan itace bayan tarawi, a yi sahur da wake ko ƙwai. Soye-soyen buɗa-baki ne ke sa wasu su fito daga Ramadan sun fi da nauyi.

Mataki na 9: Auna, ka gyara

Sau ɗaya a mako ya isa, rana ɗaya, da safe, da kaya marasa nauyi. Hawa sikeli kullum yana tayar da hankali a banza, don ruwan jiki kaɗai yana sa nauyi ya hau ya sauka da kilo guda, musamman ga mata lokacin al'ada. Saukar rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ita ce mai ɗorewa. Wani makon sikeli ba zai motsa ba amma tef zai nuna ragi, ko ka ji ɗaurin zane ko wando ya saki. Ka haɗa da tafiyar ƙafa mai ɗan sauri minti 30, kwana 5 a mako, wato minti 150 da ake so babba ya samu. Bayan asuba ko bayan la'asar sun fi sauƙi saboda rana.

Idan mako 3 suka wuce sikeli bai motsa ba, tef ma bai nuna ragi ba, kafin ka rage abinci ka binciki wurare huɗu: man da ake zubawa a girki, abin sha, girman malmalar dare, da ɗanɗane-ɗanɗanen da ba a ƙirgawa, irin na uwargida a bakin tukunya ko ragowar kwanon yara. Ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana 3, za ka ga inda yake yoyo. Akwai kuma mutanen da ci sau biyar yake buɗe musu ciki maimakon ya kwantar da shi. In kana cikinsu, haɗe na hantsi da na safe, na la'asar da na rana, ka koma sau uku da awon nan dai bai canza ba.

Shayin rage ƙiba da ƙwayoyin da ake tallatawa a intanet da cikin motocin haya, ka bar su. Da yawansu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita, kitsen yana nan, kuma suna iya taɓa ƙoda. Kada kuma gaggawa ta sa ka yanke abinci ƙasa da abin da aka lissafa a sama da yawa. In ka fara jin jiri, ko rawar jiki, ko bugun zuciya, ko ka ga kana ramewa da sauri fiye da abin da ka rage, ga yawan ƙishirwa da fitsari, ka mayar da abincinka yadda yake ka je asibiti a gwada maka sukari da jini.